Gubar dalma: yadda aka tsabtace ƙauyukan Zamfara, da abin da ya rage a kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, tun da aka samu zinariya a yankin Ɗan Isa a 2021, samarinmu na Maraɗi da yawa suka shiga haƙa. Sana'a ce ta halal, amma ya kamata mu san abin da ya samu maƙwabtanmu na Zamfara.

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, saboda jijjiga da suma. Da aka auna jini sai aka ga dalma ce. Dutsen da ake samun zinariya a cikinsa haɗe yake da dalma. Maza su kawo shi gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu, wasu da suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu.

To, yaya aka yi gyara? Aka fara da awo. Akwai na'ura ta hannu da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalma nan take, aka bi da ita gida-gida. Inda gubar ta yi yawa sai a kankare ƙasar sama kamar santimita 5, a kai ta wani rami na musamman bayan gari a binne, a shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta. Sai an gama wannan likitoci ke fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, don in ya koma cikin ƙurar nan maganin ya tashi a banza. Ƙauyuka 7 aka gyara daga 2010 zuwa 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka yi nata saboda jinkirin kuɗi. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a Najeriya, yara 28 suka rasu.

A fiƙihu mun koya cewa ruwan tsarki ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Ita dalma ba ta nuna kanta ta nan. Ƙasa tana iya zama mai tsarki, a yi taimama da ita, amma tana ɗauke da guba. Kuma dalma ba ta ruɓewa, tana nan shekara da shekaru sai an kwashe ta. Shi ya sa a nan maganar masu awo ce hujja, kamar yadda muke komawa ga likita kan azumin marar lafiya.

Malamai sun kafa ƙa'ida cewa cuta kawar da ita ake yi, kuma tsare rai yana gaba da neman dukiya. Don haka kada a shigo da dutse cikin gari. A jiƙa shi kafin a niƙa. Mai haƙa ya yi wanka ya canza tufa can wurin aiki kafin ya ɗauki ɗansa. Injin dutse kada ya niƙa hatsi. Ma'aikata kuma in sun zo awo, mu buɗe musu gidajenmu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka cikin nemanmu. Allah ne mafi sani.