Makomar Kamfanonin Waya

A 1985 Gwamnati ta kafa NITEL. Da wayar hannu ta shigo a 2001, sai kasuwarta ta faɗi, har aka sayar da ita a 2015. Yau mutanenmu na Tsibiri da Talata Mafara suna gaisawa da 'yan'uwansu na Makka ta WhatsApp, har wasu na cewa sauran kamfanonin waya ma ajalinsu ya zo. Mu ba mu yarda ba. A watan Satumba na 1921 babu wanda ya san wannan, amma a Satumba 2021, da aka rufe layuka a Zamfara, WhatsApp ma shiru ya yi, gama bisa turakun kamfanonin yake tafiya. Hajarsu ce za ta sake: jiya minti, gobe data. Malamai, ku fahimtar da jama'a.