Sumayyar da Ta Sake Fuska da Likitan da Aka Tsinto a Jos

A gidanmu na Sabon Pegi da ke Lafiya, daren Juma'a na Labarina ne. In babu wuta, ƙanwata ce ke fara ciro kuɗin man janareta tun kafin isha'i. Tun 2020 da Aminu Saira ya fara sakin shirin a Arewa24 da YouTube muke zama a tabarma ɗaya mu kalla. Kallon gajere ne. Gardamar da ke biyo baya ce ke kai mu har Lahadi: ko Presdo mutumin kirki ne, ko Baba Ɗan Audu zai taɓa shiryuwa, wa ya cancanci Sumayya.

A 2022 Nafisa Abdullahi ta bar shirin, aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya. Daren da sabuwar ta bayyana, ƙanwata ta miƙe ta naɗe ɗankwalinta ta shige ɗaki. "Yaya, wannan ba ita ba ce," iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce Fati Washa ba ta iya ba. Abin da ya ci mata rai shi ne ta shekara biyu tana sanin yadda Sumayya ke sunkuyar da kai in an ɓata mata, da yadda muryarta ke rawa kafin ta yi kuka, sai ga shi dare ɗaya an ce mata ta manta.

Washegari na tarar da zancen a teburin mai shayin da nake karyawa a bakin titin Jos. Mai shayin yana sheƙa ruwan daga kofi zuwa kofi yana cewa, "Malam, ai labari ake bi, ba fuska ba." Wani ɗan acaɓa ya aje biredinsa ya ce, "To in aka canja maka uwargida aka ce sunansu ɗaya, ka yarda?" Ni dai zuciyata tana wajen ƙanwata, har yau kuwa.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Lafiya ne ya buɗe mini wata ƙofa. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, ka ga waɗannan, su sun mayar da canjin fuska cikin labarin ne." Shirin Ingila ne mai suna Doctor Who, irin ƙagaggun labaran kimiyyar nan, wanda BBC ta fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Jarumin, da ake kira Likita, ba ɗan Adam ba ne, baƙo ne daga wata duniya. Yana yawo tsakanin zamunna, jiya da gobe, a cikin wani shuɗin akwati mai kama da rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da, wanda cikinsa ya fi wajensa girma.

A 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Likita. Maimakon a binne shirin, marubutan suka ce ai jinsin Likita in jiki ya gaji sai ya sabunta, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali, amma da tsohon tunaninsa. A gaban idon masu kallo fuskar Hartnell ta narke ta koma ta Patrick Troughton. Da wannan dabarar shirin ya haura shekara 60. A 2017 mace ta karɓa, Jodie Whittaker. A 2023 kuma Ncuti Gatwa, haifaffen Kigali ta Ruwanda. Kowane canji sai masoya sun rabu gida biyu, kowa da Likitansa, galibi wanda ya fara gani yana yaro. Bambancinsu da mu shi ne su an mutunta baƙin cikinsu: ana ba tsohuwar fuska damar yin sallama a cikin labarin. Wannan sallamar ce ƙanwata ba ta samu ba, kuma ina ganin masu shirya mana finafinai masu dogon zango ya kamata su dube ta da kyau, tun da 'yan wasa za su ci gaba da aure da tafiya karatu da saɓani.

Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa bai wuce cewa shirin nan yana da alaƙa da titin da nake shan shayi a kansa ba. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge kaset don ta sake ɗaukar wani abu a kai, har sassa da dama na Doctor Who suka salwanta. Amma kafin nan an sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje kwafi, har da Nijeriya. Wani Bature mai suna Philip Morris ya bi sawunsu, ya same su a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, gwangwanayen fim jere a kan kanta. A Oktoban 2013 aka sanar: sassa 9 da aka fid da rai da su, biyar daga The Enemy of the World, huɗu daga The Web of Fear, duka na zamanin Troughton, wato 1967 zuwa 1968. Adadin ɓatattun ya sauko daga 106 zuwa 97. Sashe na uku na The Web of Fear bai dawo ba, masoyan kuma suka ci gaba da jimaminsa kamar an yi musu rashi. Daga Lafiya, in ka bi ta Akwanga ka hau tudu, tafiyar 'yan awanni ce zuwa inda abin ya kwanta shekara da shekaru. Masoya ma sun taimaka wajen hana shirin ɓacewa gaba ɗaya: tun a wancan lokacin wasunsu ke kafa rikoda a gaban akwatin talabijin suna naɗar sautin, shi ya sa har sassan da hotonsu ya ɓace ana iya sauraronsu.

Da na ji haka sai Samanja Mazan Fama ya faɗo mini a rai. Muna yara muna leƙen tagar maƙwabcinmu mai talabijin baƙi da fari don mu ga Usman Baba Pategi da gashin bakinsa da Hausar barikinsa. Allah ya yi masa rasuwa a 2023. Da safe na tambayi mai shayin ko ya san wanda ya ajiye kaset ɗin Samanja ko na Karkuzu. Ya yi shiru da rariya a hannu, sannan ya ce akwai wani tsohon mai gyaran bidiyo a hanyar Doma da ba ya zubar da komai. Mun yi da ɗan yayata ranar Asabar zai ɗauke ni a babur mu je.