Zazzaɓi Ne Ko Korona? Alamomin Da Likita Ke Dubawa A Asibitocinmu

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Dutse cikin bazarar shekarar 2020 ba zai manta da halin da aka shiga ba. An rufe makarantu, an tsayar da zirga-zirga tsakanin jihohi, azumi ya kama cikin tsananin zafi, kuma ko tari mutum ya yi a cikin jama'a sai idanu su koma kansa. Cutar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019, an fara tabbatar da ita a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ta bayyana a Kano ran 11 ga Afrilu, kuma kafin watan ya ƙare aka same ta a Jihar Jigawa.

A wancan lokaci ma'aikatan lafiya a asibitoci irin su na Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu sun fuskanci tambaya guda mai wuyar amsawa. Ga majiyyaci an kawo, jikinsa da zafi, yana tari, yana haki. Zazzaɓin cizon sauro ne, ko tarin fuka, ko kuwa baƙuwar cutar ce? Wannan maƙala za ta yi bayanin alamomin da ake dubawa, da dalilin da ya sa jiki ke nuna su, da kuma darasin da ya kamata ɗalibi ya riƙe.

Yadda ƙwayar take aiki a jiki

Ƙwayar korona tana cikin jinsin ƙwayoyin cuta da ake kira bairos, waɗanda ƙanƙantarsu ta kai madubin da muke amfani da shi a ɗakin gwaji na makaranta ba ya iya nuna su. Jikinta kewaye yake da wasu tsinkaye masu kama da ƙaya, kuma da su take maƙalewa a jikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanci da maƙogwaro da huhu. Idan ta shiga ciki, sai ta mayar da ƙwayar halittar tamkar masaƙarta, ta yi ta saƙa irinta. Daga ranar kamuwa zuwa bayyanar alamu akan ɗauki kwana 2 zuwa 14, amma galibi kwana biyar ne ko shida.

Zazzaɓi da ciwon jiki da kasala alamu ne na yaƙin da garkuwar jiki take yi. Matsala babba tana farawa ne idan ƙwayar ta gangara cikin huhu. A can akwai ƙananan jakunkunan iska, miliyoyin ɗaruruwa, waɗanda ta bangonsu ne iskar oksijin ke ratsawa zuwa cikin jini. Idan suka kumbura, ruwa ya taru a cikinsu, sai oksijin ya kasa wucewa yadda ya kamata. Mutum yana jan numfashi, amma jininsa na ƙishirwar iska.

Alamomin da aka fi gani

Alamomin farko su ne zazzaɓi, da busasshen tari, da kasala, da ciwon kai, da ciwon maƙogwaro. Wasu kan yi gudawa ko amai. Akwai kuma alama ɗaya da ta taimaka ƙwarai a shekarar farko, wato gushewar jin ƙanshi da ɗanɗano farat ɗaya, ba tare da hanci ya toshe ba. Sai uwargida ta ɗanɗana miya ta ji salam, ta ƙara gishiri da daddawa, alhali kuwa ba miyar ce da laifi ba.

Ba kowa ne cutar ke kayarwa ba. Wani rahoto da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar cikin Fabrairu na 2020, kan mutum fiye da 44,000 da aka tabbatar sun kamu, ya nuna kashi 81 cikin ɗari ciwonsu mai sauƙi ne, kashi 14 ya yi musu tsanani, kashi 5 kuwa sun kai halin rai kwakwai mutu kwakwai. Waɗanda ciwon zai tsananta a kansu, sau da yawa sai wajen ƙarshen mako na farko ko farkon na biyu numfashi ke fara sarƙe musu, a daidai lokacin da iyali suke zaton sauƙi ya samu.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, da masu hawan jini, da masu ciwon sukari, da masu ciwon zuciya ko na ƙoda, da masu ƙiba. Yara kuwa galibi sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun kwanta ba. Wannan ne dalilin da ya sa, sa'ad da gwamnonin Arewa suka mayar da almajirai jihohinsu a 2020, aka killace waɗanda aka kawo Jigawa a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau, kusa da Dutse, aka gwada su kafin a sada su da iyayensu, kuma aka sami wasunsu ɗauke da ita. Abin tsoron shi ne yaro ya isa gida garau, ya kai wa kakansa.

Inda gizo ke saƙar

A ƙasashe masu tasowa irin namu, wahalar ita ce kusan kowace alama ta korona tana da wata cutar da ta riga ta mallake ta. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi na zazzaɓin cizon sauro ne. Zazzaɓi mai daɗewa da ciwon ciki na taifot ne. Tari na tarin fuka ne, ko na ƙurar hunturu. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani a bazara kuwa sai a tuna da sanƙarau.

Saboda haka likita yakan bi a hankali. Zai tambayi yaushe ciwon ya fara, domin tarin da ya wuce mako biyu, tare da rama da gumin dare, ya fi karkata ga tarin fuka. Zai duba ko wuya ya sanƙare. Zai tambaya ko majiyyacin ya yi tafiya, ko wani a gidansu ya yi irin wannan ciwo. Sa'an nan zai sa a gwada jini don neman zazzaɓin cizon sauro. A nan akwai tarko: mutane da yawa a yankinmu suna yawo da ƙwayar wannan zazzaɓi a jininsu ba tare da ta kwantar da su ba, musamman da damina. Don haka samun ta a jini bai kore korona ba, ana iya samun su biyun a jiki guda.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin majinar hanci da ake kira PCR, wanda ke gano ƙwayar kanta. To amma a farkon annobar ɗakunan da ke iya wannan gwaji a Nijeriya ƙalilan ne, sakamako yakan ɗauki kwanaki. Wannan ne ya sa aka daɗe ana kiran majiyyata da yawa "waɗanda ake zargi". Abin da ya faru a Kano ya ishe mu misali. Bayan yawan mace-macen da aka yi a watan Afrilu na 2020, masu bincike sun bi gida-gida suna tambayar iyalai alamomin da mamatan suka nuna. Cikin watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa daga cikin mutum 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu, kuma yawancinsu tsofaffi ne masu wasu cututtukan, da yawa a gida suka rasu.

Ƙarancin iska na ɓoye

Wani abin da ya ba likitoci mamaki shi ne majiyyacin da yake zaune yana hira, bai koka da numfashi ba, amma oksijin ɗin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ana gane wannan da wata 'yar na'ura mai kama da matsefi, wadda ake maƙalawa a yatsa. Lafiyayyen mutum takan nuna masa 95 zuwa 100. Idan ta nuna ƙasa da 90, majiyyacin yana bukatar a ƙara masa oksijin ba tare da jinkiri ba. Sai dai wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna cewa na'urar takan ba da adadi sama da na gaskiya ga masu baƙar fata, kuma fentin farce ko baƙin lalle na iya rikita ta. Don haka ba a dogara da ita kaɗai, sai an haɗa da ƙirga numfashi da duban majiyyaci.

Game da magani, wani babban gwaji da aka yi a Ingila ya tabbatar cikin Yuni na 2020 cewa wani tsohon magani mai araha, deksametason, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke yi musu numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ƙara wa oksijin. Ga mai ciwo mai sauƙi kuwa ba shi da amfani, yana ma iya cutarwa. Saboda haka ba maganin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne. Haka nan magungunan kashe bakteriya ba sa kashe bairos.

Darasi ga ɗalibi da malami

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya cikin Maris na 2021, kuma ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar. Ƙwayar dai tana nan, ta yi ta sauya kama, amma yawancin jama'a sun sami garkuwa. Duk da haka kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, mu mun ga korona, babu kuma wanda zai ce ita ce ta ƙarshe.

Malamin kimiyyar halittu yana iya koyar da abu guda mai ceton rai ba tare da kayan aiki ba, sai agogo. A sa ɗalibai bibbiyu, kowa ya ƙirga sau nawa ƙirjin ɗan'uwansa ya ɗaga cikin minti ɗaya, yana zaune a natse. Babban mutum lafiyayye yakan yi 12 zuwa 20. A sake ƙirgawa bayan sun zagaya fili da gudu, su ga bambanci. Sa'an nan a faɗa musu cewa idan dattijo mai zazzaɓi yana kwance yana numfashi fiye da sau 30 a minti, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ya rikice, ko ya kasa farkawa sosai, to kada a jira wayewar gari, kada kuma a ce a ƙara gwada maganin zazzaɓi. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a rufe masa hanci da baki da takunkumi, a buɗe tagogin mota. Ɗalibin da ya san wannan ya zama idon likita a gidansu, ko a Kiyawa yake, ko a Jahun, ko a cikin garin Dutse.