Kokawa: Daga Dandali Zuwa Takobin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Kebbe ko Tambuwal ya san da zarar an gama girbi sai gangar kokawa ta tashi a dandali. Abin takaici, wanda ya yi kaye bana, baɗi an manta da shi, gama ba mu rubuta kome.

Maƙwabtanmu na Nijar kuwa ba su yi wannan sakaci ba. A shekarar 1975, zamanin Shugaba Seyni Kountché, aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko. Tun daga nan gasar take zagaya jihohi. Yanzu jihohin takwas ne, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, wanda aka kayar ko sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauke shi karo na shida a Agadas, ƙarshen 2023.

Mu fa? Tambayi yaronmu sunan gwanin garinsu na zamanin kakansa, sai ya yi shiru. Amma ya san Issaka, a waya yake kallonsa.