Yadda maiƙo a jini ke sa na'urar asibiti ta rage adadin sodiyam

Idan takardar gwajin jini ta nuna sodiyam ya sauka zuwa 120, duk likita zai tashi tsaye. Ma'aunin mai lafiya yana tsakanin milimol 135 da 145 a kowace lita, kuma faɗuwarsa ƙasa sosai na haddasa ruɗewa, jijjiga, har da doguwar suma. Sai dai akwai marasa lafiyar da wannan adadi ba gaskiya ba ne a kansu. Sodiyam ɗinsu lafiya lau yake, maiƙon da ya cika jininsu ne ya rikita lissafin na'ura.

Idan aka ware ƙwayoyin jini, abin da ya rage kusan kashi 93 cikin ɗari ruwa ne, sauran kashi 7 kuwa furotin ne da maiƙo. Sodiyam a cikin ruwan kaɗai yake narkewa. Yawancin manyan na'urorin ɗakunan gwaji sukan ɗebi samfurin, su sirka shi, su auna, sannan su yi lissafi bisa zaton cewa ruwan yana nan kashi 93 a jinin kowa. A ce lita ɗaya ta ruwan tana ɗauke da milimol 150. A jinin mai lafiya sakamakon zai fito kusan 140. Idan maiƙo ya mamaye wuri har ruwan ya koma kashi 80, sai na'urar ta rubuta 120, alhali ba abin da ya ragu a jikin mutumin.

Wannan bai shafi wanda kolestarol ɗinsa ya ɗan hau ba. Sai maiƙon da ake kira tiragilisarayid, wanda bai kamata ya wuce miligiram 150 a desilita ba, ya kai wajen 1,500 ko fiye, kamar yadda ake gani ga wasu masu ciwon suga da ya ƙi saituwa, da masu yawan shan giya, da waɗanda suka gaji matsalar. A irin wannan hali samfurin kan yi fari kamar madara, ido ma na iya ganinsa.

Haɗarin yana ga maganin. Likitan da ya amince da takardar zai iya ɗaura wa majinyaci ƙarin ruwa mai gishiri sosai, wanda zai cilla sodiyam ɗin gaskiya sama, ya zuƙe ruwan ƙwaƙwalwa. A 1980 wata mujallar likitocin yara ta Birtaniya ta wallafa rahoton wani yaro mai ciwon suga da ya rasu bayan irin wannan kuskure.

Hanyar gano gaskiya ba ta da wuya. Na'urar auna iskar jini, wadda ake ajiyewa a sashen kulawa ta musamman, tana auna sodiyam kai tsaye ba tare da sirki ba, don haka maiƙo ba ya yaudararta. Matsalar ita ce ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma takardar sakamako ba kasafai take bayyana hanyar da aka bi ba. A ganina, hukumar MLSCN mai sa ido kan ɗakunan gwaji a Najeriya na da hurumin neman a riƙa rubuta hanyar awon, a kuma yi alama a takardar duk lokacin da samfurin ya fito fari.