Yadda Ake Juya Aikatau "Dormirse" Na Sifaniyanci Zuwa Lokacin Da Ya Wuce

Duk mai koyon Sifaniyanci da waya, a Duolingo ne ko wata manhaja, yakan zo ya cije a wuri ɗaya. Ya rubuta "se dormió" yana ganin ya yi daidai, sai manhajar ta ja masa jan layi. Ba kuskure ta yi ba. Daidai shi ne "se durmió", kuma bambancin harafi ɗaya ne tak.

Mu fara da ma'ana. "Dormir" shi ne yin barci. Idan aka liƙa masa "se" a ƙarshe ya koma "dormirse", aikin ya dawo kan mai yin sa, wato barci ya kwashe mutum. "Dormí ocho horas" na nufin na yi barcin awa takwas, amma "me dormí en clase" na nufin barci ya kwashe ni a aji. Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba, tunda mu ma muna raba biyun.

Wannan "se" ba ya zama a ƙarshe idan an juya kalmar. Gaba yake dawowa, yana sauyawa daidai da mai aikin: me, te, se, nos, os, se. Ga yadda abin yake a lokacin da suke kira "pretérito", na aikin da ya faru ya ƙare: ni "me dormí", kai ko ke "te dormiste", shi ko ita "se durmió", mu "nos dormimos", ku "os dormisteis", su "se durmieron".

Duba da kyau. Sau biyu kawai "o" ta rikiɗe ta zama "u": wajen shi ko ita, da wajen su. Sauran huɗun suna nan yadda suke. Tarkon shi ne kalmar girmamawa "usted" tana bin sigar shi ko ita ce, don haka za ka ce wa babba "usted se durmió". A ƙasashen Latin Amurka kuwa ba a amfani da "os dormisteis", ta Sifen ce; "ustedes se durmieron" ake cewa. Ashe sigogin nan biyu su ne za ka fi ji a baki.

Haka "vestirse", sa tufafi, yake yi, sai dai "e" ce ke komawa "i": "me vestí", amma "se vistió" da "se vistieron". A ganina haddace su bibbiyu ya fi haddace dogon jadawali.

Saura ɗan karan da ke saman wasali. Kada ka raina shi, domin shi ke nuna inda ake danna murya, kuma a wasu kalmomin yana sauya ma'ana: "hablo" ina magana, "habló" ya yi magana. A Gboard ko allon rubutun iPhone, danne "o" ko "i" ka riƙe, zaɓi zai fito. Ya fi sauƙi ka ƙara Sifaniyanci cikin harsunan allon, don mai gyaran rubutu ya daina ɓata maka kalmomi. A kwamfuta mai Windows, riƙe Alt ka buga 0243 a madannan lamba na gefen dama, "ó" za ta fito. 0237 kuma "í".

Idan ka yi shakkar wani aikatau, ƙamus ɗin Real Academia Española da ke intanet yana da cikakken jadawalinsa kyauta. Nemi "dormir", sannan ka ɗora me, te ko se da kanka.