SHAWARAR DA BA TA JIN SAIWA: AIKIN SHEHUN MALAMI CAMERON DA DARASIN DA KE CIKINSA

A Mahuta da sauran garuruwan noma da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, idan aka ga idon magidanci ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar ruwan shayi, ba a daɗewa ake yanke hukunci cewa shawara ce. Daga nan sai a nemo saiwar rawaya ko ɓawon wani itace a jiƙa masa, a hana shi cin mai, a zauna jiran sauƙi. Sau da yawa sauƙin yakan zo, domin galibin shawara daga ciwon hanta take, wanda wani irinsa kan wuce da kansa. Amma akwai wadda ba ta jin saiwa ko kaɗan, ita ce wadda ke zuwa idan ciwon daji ya toshe hanyar da ruwan matsarmama ke bi ya sauka cikin hanji. Wannan irin shawara ba abin da ke warkar da ita sai wuƙar likita, kuma sai an yi da wuri.

Inda ciwon ke fitowa wata tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Aikinta iri biyu ne. Tana fitar da ruwan da ke narkar da abinci, tana kuma samar da sinadarin insulin mai daidaita sukari a cikin jini. Da yake tana ɓoye can cikin ciki, ciwon daji yakan yi nisa a jikinta kafin mai shi ya ji komai. Bisa ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum fiye da 500,000 suka kamu da wannan ciwo a duniya, kuma fiye da 460,000 suka mutu da shi. Ko a ƙasashe masu arziki, cikin mutum biyar da aka gano suna da shi, da ƙyar ake samun guda wanda ciwon bai riga ya wuce fiɗa ba.

Aikin Da Aka Yanke Wa Ƙauna

Fiɗar da ake yi wa mai wannan ciwo ana kiranta da sunan wani likita Ba'amurke, Allen Whipple, wanda aka haifa a Urmiya ta ƙasar Iran cikin 1881. Wani likitan Jamus, Walther Kausch, ya riga shi gwada aikin a Berlin cikin 1909, amma Whipple ne ya fito da shi fili da ya buga rahoton majinyata uku cikin 1935, sa'an nan cikin 1940 ya yi shi duka a zama ɗaya a birnin New York. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da ƙarshen bututunta, wani lokaci har da wani yanki na tumbi. Bayan haka sai a jawo hanji a ɗinke shi a wuri uku, domin ruwan fankiriyas da na matsarmama da abinci su sake samun hanya. Babban hatsarin yana ga ɗinkin farko, domin idan ya yi yoyo, ruwan da aka halitta don narkar da nama sai ya shiga cin naman mai shi.

A duk rayuwarsa Whipple sau 37 kaɗai ya yi wannan aiki. Bayan rasuwarsa cikin 1963 abin bai gyaru ba, domin a shekarun 1960 da 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu da aka yi wa aikin ba ya fita asibiti da rai. Har cikin 1970 wani mashahurin likita na Cleveland, George Crile, ya rubuta cewa gara a yi wa majinyaci ƙaramin aikin da zai kewaye toshewar a bar ciwon inda yake. Likitoci da yawa sun bi wannan ra'ayi.

Yawan Yi Da Yawan Rubutawa

A cikin wannan hali ne John Cameron, wanda aka haifa cikin 1936 ya kuma yi karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, ya yi fiɗarsa ta farko irin ta Whipple cikin 1969. Da ya zama shugaban sashen fiɗa na asibitin jami'ar cikin 1984, muƙamin da ya riƙe har 2003, sai ya ɗauki wannan aiki da kowa ke gudu ya mai da shi sana'arsa. Bai ƙago wata sabuwar wuƙa ba. Abin da ya yi shi ne ya tara ma'aikata iri ɗaya, watau masu sa barci, da ma'aikatan jinya, da masu ɗaukar hoto, da masu duba tsoka a madubin likita, suka riƙa maimaita aikin ta hanya ɗaya, suna rubuta abin da ya sami kowane majinyaci, wanda ya rayu da wanda ya mutu.

Wannan littafin lissafi shi ne tushen kusan duk abin da ya buga. Cikin 1993 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton mutum 145 da aka yi wa aikin a jere ba wanda ya mutu. Cikin 2006 ya buga rahoton mutum 1,000 da ya yi wa aikin da hannunsa daga 1969 zuwa 2003. Rahoton ya nuna mutuwa kashi 1 cikin ɗari, lokacin aiki ya sauko daga kusan awa tara zuwa awa biyar da rabi, kwanciyar asibiti kuma daga kwana 17 zuwa kwana 9. Cikin 2015 ya sake buga wani rahoton, wannan karon na mutum 2,000.

Bugu da ƙari, yawan majinyata ya ba su damar gwada al'adun da likitoci suka gada ba tare da hujja ba. Alal misali, an daɗe ana zaton idan aka faɗaɗa yankan aka kwashe kaluluwar da ke nesa da ciwon, majinyaci zai fi daɗewa. Da suka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a suka gwada, sai aka ga wahala ce ta ƙaru, tsawon rai bai ƙaru ba. Haka nan wata allura mai tsada, octreotide, wadda ake bayarwa don hana yoyon ɗinki, gwajinsu na shekarar 2000 ya nuna ba ta rage shi ba. Irin wannan bincike mai cewa a daina abu ba ya jawo suna da sauri, amma yana rage wa marar lafiya azaba, yana rage wa danginsa hasara.

Inda Tasirin Ya Kai

Tasirin aikin ya wuce ɗakin fiɗa ya shiga ofisoshin masu tsara harkar lafiya. Cikin 1995 aka kwatanta asibitinsa da sauran asibitocin jihar Maryland, aka ga mutuwa kashi 2.2 cikin ɗari a wurinsa, a sauran kuwa kashi 13.5. Wani babban bincike na ƙasar Amurka baki ɗaya da aka buga cikin 2002 ya tabbatar da haka, inda ya sami kashi 16.3 a asibitocin da ke yin aikin jefi-jefi, da kashi 3.8 a waɗanda suka saba da shi. Daga nan ƙasashe irin su Ingila da Holan suka tattara wannan aiki a 'yan manyan asibitoci ƙalilan.

Har ila yau, tsokar da aka riƙa cirewa ana adanawa ita ce ta taimaka wa masanan jami'ar, cikin 2008, suka karanta ƙwayoyin gadon ciwon dajin fankiriyas na mutum 24. Almajiransa kuma sun bazu. Charles Yeo ya zama shugaban sashen fiɗa a Jami'ar Thomas Jefferson ta Philadelphia, Keith Lillemoe kuma ya shugabanci na Babban Asibitin Massachusetts a Boston. Littafin koyar da fiɗa da ya fara shiryawa cikin 1984, Current Surgical Therapy, an sake buga shi fiye da sau goma.

Duk da haka bai ɓoye iyakar wuƙarsa ba. A rahoton 2006, cikin waɗanda ciwon dajin kan fankiriyas ya kai su ɗakin fiɗa, kashi 18 cikin ɗari ne suka kai shekara biyar. Fiɗa ta daina kisa, amma ciwon yakan dawo. Shi ya sa aka haɗa ta da magungunan daji, kuma wani gwaji da Faransa da Kanada suka buga cikin 2018 ya nuna rabin waɗanda aka ba wani haɗin magunguna bayan fiɗa sun haura wata 54.

Abin Da Ya Shafi Mahuta

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Cikin 1960 aka kafa rajistar ciwon daji a Ibadan, cikin 1969 kuma likitoci biyu masu suna Olurin suka buga rahoton mutum 45 da tsakuwa ta taru a fankiriyas ɗinsu. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Cututtukan Ƙasashen Zafi ta Liverpool suka bi ƙauyukan Malumfashi gida-gida suna ƙidayar masu tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, kuma abin da suka rubuta ya shiga mujallun likitanci na duniya. Watau ƙasar da ake noman auduga da masara ta taɓa zama ajin da duniya ta ɗauki karatu.

Darasin Cameron ga hukuma a bayyane yake. Ba a bukatar a yi wannan fiɗa a kowane babban asibiti. Abin bukata shi ne asibitocin Funtuwa da Malumfashi su sami na'urar hoton ciki mai aiki da wanda ya iya karanta ta, a kuma shimfiɗa hanyar tura majinyaci ba tare da ɓata lokaci ba zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Su kuma waɗannan su yarda su tattara aikin a hannun ƙungiya ɗaya, su rubuta sakamakon kowane majinyaci, su buga shi ko da bai yi daɗin ji ba.

Ga jama'a kuwa, alamun da ya kamata a kula da su sanannu ne. Idan mutum ya haura shekara arba'in, idonsa ya yi ɗorawa ba zazzaɓi, jikinsa na ƙaiƙayi, bayan gidansa ya yi fari kamar farar ƙasa, yana ramewa ba dalili, ko kuma ciwon sukari ya same shi farat ɗaya tare da ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, to, kada a jira a gama girbi ko a sayar da hatsi. Makonnin da ake shafewa ana canza saiwa su ne ke raba wanda za a iya yi wa fiɗa da wanda za a ce a koma da shi gida. Ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin da ya je hutu ƙauye ya tarar da mahaifinsa ko kawunsa cikin wannan hali, babban taimakon da zai yi masa shi ne ya kai shi a ɗauki hoton cikinsa a wannan makon.